Yadda ake aiki da babban asambuli a SolidWorks ba tare da kwamfuta ta riƙa maƙalewa ba

Bara da bazara, lokacin nan da zafin Katsina ke sa ƙarfe ya ƙi taɓuwa in ya kwana biyu a rana, muna zanen layin casar shinkafa gaba ɗayansa, tun daga injin cire tsakuwa zuwa na ɓare ƙaiƙayi zuwa na gogewa, har da lifta mai bokitai da ke ɗaga shinkafa daga wannan zuwa wancan. Mai aikin wani Alhaji ne daga Daura, ya kira ya ce yana hanya zai biyo ya ga yadda abin zai kasance kafin ya saki kuɗɗin ƙarfe. Yaron da ke IT a wajena, wato ɗalibin da makaranta ta turo koyon aiki, ya danna fayil ɗin a SolidWorks, manhajar da muke zanen inji da ita, muka zuba ido, aka kira la'asar muka je muka dawo abu bai gama buɗewa ba, da ya buɗe kuma in ka juya shi sai ya riƙa tafiya kamar tsohuwar akori-kura ta ɗauko lodin masara. Yaro ya ce "Oga, laftof ɗin nan fa ta gaji, sai dai a sayi sabuwa." Na ce masa kai dai ba aljihunka za a taɓa ba shi ya sa.

Ba mu sayi sabuwa ba, kuma da ita muka gama aikin. Abin da muka yi shi ne zan jero a nan. Sunayen maɓallai zan rubuta su yadda suke a fuskar kwamfuta don kar mutum ya yi ta nema, sauran kuma yadda muke faɗa a shago: asambuli shi ne injin da aka harhaɗa, met shi ne ɗaurin da ke riƙe kaya biyu, ribil shi ne sake lissafin da manhajar ke yi duk sanda ka canza wani abu.

Fara da gano ɓarawon

Kar ka fara taɓa saiti kana canke. Ka yi haƙuri ka buɗe asambulin sau ɗaya duk daɗewar da zai yi, ka je shafin Evaluate ka danna Performance Evaluation. Zai nuna maka wane fayil ne ya fi cin lokaci wajen buɗewa, wanne ne aka ajiye da tsohon bashon, wato tsohuwar fitowar manhajar, met nawa ne a matakin sama, wato a babban asambulin kansa, da kuma wane kaya ne ya fi yawan ƙananan kusurwa-ukun da katin hoto ke zana jikin kaya da su. A wannan shafin dai akwai Assembly Visualization, shi kuma zai jera maka kayan daga mafi nauyi a kan kwamfuta zuwa mafi sauƙi in ka zaɓi wannan ma'aunin, har ya shafa musu launi a jikin injin.

Mu da muka jera, kaya uku ne suka fito a sama kamar an kama su da hannu dumu-dumu. Na farko rariya. Yaron nan saboda ƙwazo sai da ya huda kowane rami na rariyar injin cire tsakuwa. Yi lissafi da kanka: faranti mai tsawon milimita 1000 da faɗin 500, rami a kowane milimita 5, ramuka 200 sau 100 kenan, 20,000 cif, kowane rami kuma fuska ce da kwamfuta za ta lissafa ta zana. Na biyu noti da bol, ya yanka musu zare na gaske mai murɗewa, kuma akwai su ɗaruruwa. Na uku moto da giyabos da ya sauko da su daga intanet, sun zo da komai nasu har fanka da boris na ciki da rubutun kamfani a jiki. Sauran injin duk, firem da hofa da shaf da fuli, ba su kai nauyin waɗannan ukun ba.

Rage wa kayan nan nauyi

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi samun riba, don haka zan ɗan daɗe.

Rariya: buɗe fayil ɗinta ka yi mata konfig na biyu, wato wata siga ta kayan a cikin fayil ɗin guda, ka sa masa suna mai sauƙi kamar "sauki", a cikinsa ka kashe jerin ramukan da Suppress ya rage faranti kawai. A babban asambuli wannan za ka riƙa amfani da shi. Ai mu duka mun san ba wanda zai zauna ya huda ramuka dubu ashirin da diril, rariya sayo ta ake a hude a yanka daidai awo, abin da mai walda ke buƙata shi ne a rubuta masa girman rami da kaurin faranti a jikin takarda. In kuma dole sai ramukan sun fito, ko don a nuna wa mai aiki, to ka kunna Geometry pattern a cikin saitin jerin, yakan rage lokacin ribil sosai.

Bol da noti: kar ka yanka zare na gaske sai in za ka buga kayan ne da firinta mai 3D ko kuma zaren shi ne ainihin abin da kake zanawa. Yi amfani da Hole Wizard wajen rami, da Cosmetic Thread wajen jikin bol, zai fito a diroyin, wato takardar zane mai awo, da alamar zare yadda mai juyi ya saba gani, a kwamfuta kuma sanda ce kawai. Bol M10 dai M10 ne, ko ka zana zaren ko ba ka zana ba a kasuwa za a sayo shi.

Kayan da aka sauko da su, moto, giyabos, boris, famfo: mi kake buƙata a jikin moto? Girmansa na waje don ka san zai shiga wurin, ramukan ƙafa, da shaf. Shikenan. Akwai Defeature a ƙarƙashin Tools da ke cire kayan ciki ya bar gangar jiki, ko kuma in asambuli ne ka yi Save As ka mayar da shi fayil ɗin kaya guda ka zaɓi na waje kaɗai. Ni dai gaskiya sau da yawa na fi ganewa in zana nawa da hannu, gwangwani ɗaya, akwati ɗaya, ƙafa da shaf, minti goma an gama kuma na san mi ke ciki. Abu ɗaya za ka kula, in ka yi haka nauyin da manhajar za ta lissafa ba zai zama na gaske ba, sai ka shiga Mass Properties ka rubuta nauyin da ke jikin takardar moton da hannunka.

Sai ingancin hoto. A cikin Document Properties akwai Image Quality, da wani ɗan maɓalli da ake ja hagu da dama. Wasu sukan ja shi can ƙarshen dama cikin ja don da'ira ta fito sumul, su manta wannan saitin yana bin fayil ɗin duk inda ya je. Wosha ɗaya mai irin wannan saiti in ta maimaitu sau 300 ka ga inda aka kwana. Ja shi baya zuwa wajen hagu. Da'ira za ta ɗan yi kamar mai kusurwa a ido amma awonta bai canza ba ko kaɗan.

Yadda za ka riƙa buɗewa

Ka daina danna fayil sau biyu daga cikin folda. Buɗe SolidWorks tukuna, ka je Open, ka zaɓi fayil ɗin, kafin ka danna ka duba hanyoyin buɗewa guda uku da ke ƙasa.

Resolved shi ne a loda komai da komai, tarihin kowane kaya tun daga layin farko da aka ja. Lightweight, wanda muke ce wa laitwet, yana loda siffar kaya da abin da ake buƙata don met da awo, sauran sai ka taɓa kayan don gyara sannan ya ɗauko, za ka ga alamar gashin tsuntsu a jikin sunan kowane kaya. Da wannan nake kusan duk aikina na yau da kullum, ana sa met, ana awo, ana duba karo tsakanin kaya, ba abin da ya ragu. Na uku Large Design Review, shi hoton injin kawai yake ɗaukowa, yana buɗewa nan da nan, za ka juya, ka auna, ka yanka ka leƙa ciki, ka ɓoye wani sashe. Da shi ya kamata mu tari Alhajin Daura ran nan, don shi ba gyara ya zo yi ba, so yake ya ga inda buhu zai tsaya da tsayin hofa. Kuma daga cikinsa kana iya zaɓar injin guda, misali na gogewa, ka ce Selective Open a loda maka shi kaɗai.

Kana iya sa manhajar ta riƙa yi da kanta. Tools, Options, System Options, Assemblies. A nan akwai adadin da in kaya suka wuce shi za ta kunna Large Assembly Settings, an saita shi a 500, na Large Design Review kuma 5000. Waɗannan lambobin an sa su ne da tunanin kwamfutar ofis mai ƙarfi. In taka irin tawa ce, ta hannu da aka sayo a Kano, sauke na farkon zuwa 200 ko ma 150.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Cikin abubuwan da wannan saitin ke kashewa don a samu sauri akwai wanda aka rubuta Do not save auto-recover info, wato ya daina ajiyar ko-ta-kwana da yake yi a ɓoye. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa wannan ba komai ba ne. Mu nan fa? Na taɓa yin awa biyu ina jera met na lifta a kan destof, aka ɗauke wuta, batirin inbata ashe ya riga ya mutu, na kunna janareta na dawo ba ko ɗaya. Ko dai ka cire alamar da ke kan wannan layin ka haƙura da ɗan tsayawar da zai riƙa yi, ko ka bar ta ka mayar da Ctrl+S kamar numfashi. Ni na cire.

Tsara asambulin yadda za a ƙera shi

Kuskuren da kusan duk mai koyo ke yi shi ne ya zuba kaya 900 a asambuli ɗaya, kowanne da met uku. Duk met ɗin da ke matakin sama tare ake warware su a kowane ribil, ka ga dubbai kenan a lokaci guda. Ƙaramin asambuli kuwa in ka saka shi cikin babba, ana ɗaukarsa kamar dunƙulen ƙarfe guda, met ɗin cikinsa ba a sake lissafa su.

Yadda nake rabawa ba wani ilimi ba ne, ina tambayar kaina ne yadda masu walda za su yi. Firem daban ake haɗa shi, hofa daban, shaf da fuli da boris daban, murfin bel daban, sannan a ɗora su a mota a kai wurin a ɗaure. To haka ma a kwamfuta. Kowane inji asambulinsa, cikin kowane inji ƙananan asambuli huɗu ko biyar, babban na sama kuma bai wuce abu goma zuwa ashirin ba. In ka riga ka zuba su wuri ɗaya ba sai ka fara daga farko ba, zaɓi kayan a jerin hagu, danna dama, Form New Subassembly.

Kar ka bar ƙaramin asambuli a Flexible, yanayin da ke barin kayan cikinsa su motsa, sai lokacin da kake gwada motsi, don da ka yi haka duk met ɗinsa sun dawo kan babban. Gama gwaji ka mayar Rigid.

Wajen met kuma, ɗaura kaya da yawa a jikin abu ɗaya tsayayye kamar firem ya fi ka yi sarƙa, wannan a jikin wancan, wancan a jikin na gaba har goma, don in na farko ya motsa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Bol ka sa guda ɗaya da wosha da noti, sauran ka yi Pattern Driven Component Pattern su bi ramukan da kansu, bokitan lifta ma haka, ɗaya da met sauran jeri. Met ɗin da ya yi ja ko rawaya kar ka ce gobe, gyara shi yanzu, kowane ribil sai manhajar ta sake kokawa da shi. Sannan zana kaya a cikin asambuli yana jingine da gefen wani kaya yana da daɗi a farko, amma kowane irin wannan jingina ƙarin lissafi ne, za ka gane su da alamar kibiya a gaban suna. In awon ya zauna ka shiga External References ka kulle su da Lock. Kullewa ta fi yankewa da Break, don wanda ka kulle kana iya buɗewa, wanda ka yanke ya tafi kenan.

Ɓoyewa, kashewa da SpeedPak

Waɗannan ana yawan rikita su. Ɓoyewa, wato ka ɗora linzami a kan kaya ka danna Tab, Shift da Tab kuma ya dawo, yana sauƙaƙa wa katin hoto amma kayan na nan, met ɗinsa na aiki, yana cikin lissafin nauyi da jerin kayan saye. Suppress kuwa cire shi yake daga ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, ya fi sauri, amma ba zai fito a jerin kayan saye ba. Mun taɓa kashe murfin bel da duk bol ɗinsa don aiki ya yi sauri, aka fitar da jeri a haka aka ba yaro ya tafi kasuwa, ran ɗauri aka nemi faranti aka rasa, sai da aka sake biyan kuɗɗin mota. Tun daga ranar duk abin da nake so kawai ya kauce mini daga ido ɓoye shi nake, in ajiye yanayin a Display State. Shi ba ya kumbura fayil kamar konfig, kuma wajen buɗewa kana iya zaɓarsa ka hana a loda abin da ke ɓoye. In kuma kaya biyu uku kawai kake son gani na ɗan lokaci, zaɓe su ka danna Isolate.

SpeedPak na injin da ka riga ka gama ne, wanda yanzu zama kawai yake a layi. Buɗe asambulinsa, je shafin konfig, danna dama a kan konfig ɗin ka ce Add SpeedPak, ka zaɓi fuskokin da za ka yi met ko awo da su kaɗai, ƙasan ƙafa, bakin shiga, bakin fita. Sauran jikin zai zama hoto, ana gani ba a taɓawa. Sai dai in ka koma ka gyara injin na asali dole ka sabunta SpeedPak ɗin, in ba haka ba tsohon hoto za ka yi ta kallo kana awo a kansa.

Diroyin

Kar ka cusa shafi talatin a fayil ɗaya. Kowane ƙaramin asambuli da diroyinsa, dama haka za ka raba wa masu aiki. Na babban layin ka yi shi da konfig mai sauƙi, ba bol ba ramukan rariya. In rubutu ko awo kawai za ka ƙara, daga bashon 2020 akwai Detailing, yana buɗe takardar ba tare da ya loda injin ba.

Ita kanta kwamfutar

Ba na cewa ƙarfin kwamfuta ba ya da amfani. In za ka kashe kuɗɗi, fara da SSD, wato faifan ajiya mai sauri, sannan RAM, 16GB shi ne inda ake fara numfashi, 32GB in asambulinka na kai dubbai. Yawan ƙwaƙwalen furosesa, wato cores, bai cika taimakawa ba don yawancin ribil a layi ɗaya yake tafiya, saurin guda ɗaya ya fi muhimmanci. Kar ka yi aiki kai tsaye daga filasha, kwafe folda zuwa cikin kwamfuta. Laftof in tana kan batir rage gudu take da kanta, don haka aikin nauyi ka bari sai akwai wuta ko sola ta cika. In tana da katin hoto biyu ka tabbata SolidWorks na kan babban, kuma Use software OpenGL ba a kunne yake ba. RealView da inuwa ka kashe su sai ranar ɗaukar hoto.

Da ƙura. Bayan kowane hunturu ka kai a buɗe a hure fanka a canza man furosesa. Tamu da aka buɗe abin da aka ciro a bakin fankar kamar audugar katifa, ga ƙurar garandan shago ta haɗu da ta hunturu, ashe rabin nawar da take yi da rana zafi ne ke sa ta rage gudu don kar ta ƙone. Ka ɗaga mata gindi da ɗan katako ko murfin kwalba iska ta shiga.

Fayilolin tsohon bashon su ma suna jan lokaci, don kowane buɗewa sai an juya su. Ka ajiye kwafi a gefe, ka buɗe duka ka yi Save All sau ɗaya. Amma tambayi abokin aikinka bashon da yake da shi tukuna, tsoho ba ya gyara fayil ɗin sabo, sai daga 2024 ne aka kawo damar ajiyewa baya da shekara biyu. Masu Inventor kuma, wata manhaja irin SolidWorks, abin duk ɗaya ne suna ne ya bambanta, Express wajen buɗewa da sauri, Simplify wajen rage kaya, Model States tun 2022.

In za ka tura wa wani aikin kar ka ɗauki fayil ɗin asambuli shi kaɗai ka tura ta WhatsApp, zai buɗe ya ga ba komai, don asambuli adireshin kaya kawai yake riƙewa ba kayan ba. File, Pack and Go, ka sa alama a haɗa da diroyin, ka ce ya matse su a zif ɗaya. Alhaji kuwa ba ruwansa da wannan, shi PDF muka tura masa da hotuna huɗu, ya kira da daddare ya ce a ƙara wa hofa tsawo don yaransa buhu mai kilo 100 suke juyewa.